Ranar da Yaya Ta Kwantar da Ni a Kan Teku

Mama ta rasu a shekara ta biyu ta korona. Ina Kuala Lumpur, Yaya tana Italiya, 'yan'uwanmu maza ne kawai a gida, a kudancin Kaduna. Ba cutar ce ta ɗauke ta ba, tsufa ne da hawan jini, amma cutar ce ta hana mu zuwa.

A lokacin muna zaune a unguwar Danau Kota, can saman wani dogon bene, ni da maigidana da 'yarmu guda ɗaya. Ni ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare, shi yana fama da karatun digirinsa na uku. An sake rufe gari, ba shiga ba fita. Ajina ya koma cikin kwamfuta, yara suka zama ƙananan fuskoki a jere. Shagon abinci na ƙasan benenmu, irin wanda a can ake kira mamak, inda a da ɗalibai ke cika har bakin titi suna shan shayi, an kife kujerunsa a kan tebura. Sai dai ka tsaya daga ƙofa a yi maka tapau, wato a ƙulle maka abincin a leda, ka koma sama. Kullum da la'asar hadari ya haɗu a kan duwatsun bayan unguwa, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke, titi ya yi ta tururi ba kowa a kansa.

A waya muka ga jana'izar. Wani ɗan ƙanin Baba ne ya riƙe mana ita, bai iya saita ta ba, don haka abin da na fi gani ƙafafun mutane ne da jar ƙasa da gefen zannuwan matan zumuntar coci. Waƙa takan zo ta yanke. A kusurwar allon ga Yaya cikin farin lulluɓinta, ba ta ko motsi, har na zaci hoton ne ya tsaya. Da aka gama ta ce, “Auta, ki daure ki ci abinci.” Na ce to. Iyakar abin da muka ce wa juna ke nan.

Yaya ita ce ta fari a ɗakinmu, ni ce ta ƙarshe. Ina firamare ta shiga gidan sistocin Katolika, ban gama sakandare ba aka tura ta Italiya. Na fi saninta a hoton da ke rataye a falon Mama. Idan ta zo hutu, wanda ba kasafai ba ne, gida yakan cika da masu gaisuwa, ni kuwa ina can baya wajen murhu ina dafa musu shayi. Da na yi aure muka taho Malesiya, sai zuwanmu gida ya daina haɗuwa. In ta zo ba na nan, in na je ta riga ta koma.

Bayan jana'izar sai ta fara turo mini hoto. Safiyarta takan yi daidai da lokacin da nake rufe kwamfuta bayan darasi. Hoton teku ne kullum, daga waje guda, ba ta rubuta komai a ƙasa. Wata rana ruwan shuɗi, wata rana kamar toka, wata rana ba ka bambance shi da sama. Nakan fita baranda in zauna tsakanin shanyar tufafi ina kallo, ruwan sama yana dukan rumfunan motoci a ƙasa, har in ji kamar igiyar tekun ce nake ji. Ban taɓa tambayarta dalilin hotunan ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Da aka buɗe iyakoki, maigidana ne ya fara maganar. Ni gida nake tunani, in je in ga kabarin. Ya ce kabari yana nan ba inda za shi, za mu je dukkanmu a Kirsimeti, amma yayata rayayya ce, in je wurinta. 'Yarmu, wadda ko ka yi mata Hausa da Turanci take amsawa, ta ce in tafi lah, kamar yadda 'yan Malesiya ke ƙarasa magana, ita da babanta ba za su mutu da yunwa ba tunda mamak yana ƙasa.

Na hau jirgin ƙasa mai bi ta saman titi na je unguwar Chow Kit. Akwai wata mata 'yar Jos da ke da ɗan shago a saman bene bayan kasuwar kifi, tana sayar wa ɗalibai kayan miyar gida. Kasuwa ta fara dawowa, kowa da takunkumi a haɓa, warin kifi da na durian, wani ɗan itace mai ƙaya, suna kokawa a iska. Na ce mata acha nake nema. Ta dube ni, ta shiga ciki, ta fito da wani ƙulli da ta ce na bakinta ne ta ajiye, amma tunda Sista zan kai wa, in ɗauka. Ta ƙara mini daddawa da busasshiyar yakuwa, ta naɗe su a leda kan leda don kada akwatina ya tona mini asiri a filin jirgi.

Tafiyar ban riƙe ta sosai ba. An soka mini tsinken gwajin korona a hanci, an duba shaidar rigakafi a wayata, na yi barci na farka a sama ban san ina ba. Abin da na riƙe shi ne jirgin ƙasan da na hau daga Napoli zuwa kudu. Mu ƙalilan ne a taragon. Gari ya ƙare, gonaki suka fara, duwatsu a hagu, daga baya kuma wani dogon haske ya bayyana a dama yana ɓuya yana fitowa tsakanin gidaje. Sai da na jima kafin na gane shi ne ruwan da nake gani a waya.

Tashar ƙarama ce, ni kaɗai na sauka. Yaya tana tsaye a inuwa, gajeriya fiye da yadda nake tsammani, da takunkumi. Muka tsaya muna duban juna, ba wadda ta san ko an yarda a rungumi mutum yanzu. Ita ce ta kama hannuna biyu ta jijjiga, ta ce na yi ƙiba, ƙasar Malesiya ta karɓe ni. Hausarta ta ba ni mamaki. Irin ta da ce, ta lokacin da ta bar gida, da kalmomin da na daina ji tun rasuwar kakarmu, amma muryar tana hawa tana sauka irin ta mutanen can. Wani lokaci takan tsaya tana laluben kalma da yatsu a iska. Ta sa ni a wata tsohuwar ƙaramar mota, ta ja ta a kan hanyar da ke nannaɗe da dutse da gudun da ya sa na riƙe kujera ina addu'a a zuci.

Gidan sistocin yana gefen tudu, a saman wani ƙauyen masunta, itatuwan zaitun sun kewaye shi. Babban gida ne da aka gina don mutane da yawa, amma waɗanda suka rage ba su cika tebur ɗaya ba, kuma duk tsofaffi ne. Shekarar farko ta cutar ta ɗebi wasu. Yaya da wata Sista 'yar Indiya su ke yi musu komai, wanka da magani da juya su a gado. Aka ba ni ɗaki mai farin bango, gado ɗaya, kujera ɗaya. Da na tura tagar katako sai ga wurin da ake ɗauko mini hoton, har da reshen ɓauren da kan shigo ta kusurwa.

Kwanakin farko sun wuce mini kamar a cikin zazzaɓi mai daɗi. Jikina yana bin agogon Kuala Lumpur, barci yakan kama ni tun da la'asar a duk inda nake zaune. In farka in ji ƙararrawa daga ƙasa, ko kukan tsuntsayen teku, in rasa a wace ƙasa nake. Nakan sauka ƙauyen da ƙafa ta wasu matakalan dutse. Gidajen baƙi duk a rufe, kujerun bakin ruwa a ɗaure da sarƙa, kwale-kwale a kife a kan yashi. Tsofaffi maza suna zaune a gaban coci, nesa-nesa da juna, suna bina da ido. Da suka ji ƙanwar Sista ce, sai gaisuwa ta ko'ina. Wata mata ta cusa mini lemun tsami a hannu, kowanne ya kai dunƙulen hannuna, ta yi ta magana ina gyaɗa kai.

Yaya kuwa ba ta zama. Na ba ta achar, ta buɗe ta shinshina, ta rufe, ta sa a kabad ta ce sai an sami rana. Na zo da maganar Mama cike da bakina, na ɗauka ranar farko za mu zauna mu yi kukan da ba mu yi ba. Amma duk lokacin da na ɗauko zancen sai wata tsohuwa ta yi kira, ko tukunya ta tafasa, ko lokacin addu'a ya yi. Abin ya ɗan sosa mini rai. Na ce a zuciyata wataƙila haka rayuwarsu take, sun sallama iyaye tun ranar da suka sa lulluɓi.

Cikin tsofaffin akwai wata da ta haura casa'in, 'yar firit, a keken guragu, idanunta garau. Ita ce ta karɓi Yaya lokacin da ta fara zuwa ba ta jin ko kalma ɗaya, ta koya mata harshen da cokali da faranti. Tun ranar farko ta kama wuyan hannuna ta ƙi saki, tana kirana da wata kalma da Yaya ta ce ma'anarta ƙaramar ƙanwa. Wata safiya wajen karin kumallo ta buga tebur da cokali ta yi doguwar magana. Yaya ta ce cewa take yi abin kunya ne baƙuwa ta zo daga ƙarshen duniya ba a kai ta ta ga duwatsu ba, kuma da ita za a je, don tun kafin cutar rabonta da fita ƙofar gidan.

Muka naɗe keken muka sa a bayan mota, muka ɗaga ta kamar jaririya muka ajiye a gaba. Muka gangara daga duwatsu zuwa wani shimfiɗaɗɗen fili. A gefen hanya na ga baƙaƙen dabbobi kwance cikin taɓo, na tambaya ko idona ne. Yaya ta ce ɓauna ce, a nan kiwonta ake yi, da nononta ake yin farin cukun da na ci jiya. Ni da na tashi ina jin mafarautan garinmu suna ambaton ɓauna da tsoro, ga ta nan ana tatsa kamar saniyar Fulani.

Ban shirya wa abin da na gani ba. Muna tafe tsakanin gonaki, sai kawai ga su a tsaye a cikin ciyawa: manyan gine-gine uku na dutse, ba rufi, ginshiƙai a jere masu kauri, launinsu kamar zuma. Yaya ta ce haikalai ne, Helenawa suka gina su tun ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Yesu. Helenawa dai na san su a wasiƙun da ake karanta mana a coci, ban taɓa kawowa a raina cewa sun bar abin da hannu zai taɓa ba. Mai gadin ƙofa ya duba wayoyinmu, ya fesa mana maganin hannu, ya buɗe wa keken wata ƙofa ta gefe. A ciki ba kowa sai wasu mata da miji can nesa, da wani mai yankan ciyawa da ya kashe injinsa ya kwanta a inuwa.

Shiru ne irin wanda kunne ke ji. Jajayen furanni sun fito ta tsagar duwatsu. Ƙadangaru korra suna shan rana a kan tubalan da suka faɗi. Tsattsewa suna shiga suna fita ta inda rufi yake a da. Na dafa ginshiƙi ɗaya, ya yi ɗumi kamar jikin mutum, duk ƙananan ramuka, ga ɓawon katantanwa a maƙale cikin dutsen. Bayan haikalan kuma kufan gari ne guda, titin dutse da sawun ƙafar keken doki, ɗakunan da bangonsu bai wuce gwiwa ba. Na shiga wani na tsaya a inda nake jin nan ne madafa, ina tunanin matar gidan.

Tsohuwar Sista ta sa aka tsayar da kekenta a gaban na tsakiya, ta sauke takunkuminta, ta fara magana ba da kowa ba. Yaya tana juya mini kaɗan-kaɗan. A filin nan aka haife ta, babanta makiyayin ɓauna ne. A lokacin ba shinge ba mai gadi, dabbobi a inuwar ginshiƙan suke kwanciya da rana, ita da ƙannenta suna wasan ɓuya a tsakaninsu. Sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya ɗauke mata ƙane ɗaya. Ta ce wata shekara lokacin yaƙi sojoji suka fito daga teku, suka kafa tantuna a nan, suka ɗaura igiya daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi suna shanya wanduna. Ɗaya daga cikinsu baƙi ne, shi ne baƙin mutum na farko da ta taɓa gani, ya ba ta alewa, ta ɓoye ta har ta narke a aljihu. Ta yi dariya har da tari. Daga nan maganar ta yi ta raguwa, kanta ya sunkuya, barci ya ɗauke ta, rana tana dukan gwiwoyinta.

Muka tura ta ƙarƙashin wani itace mai kai kamar laima. Yaya ta ce bari ta dubo famfo ta jiƙa hankici. Ina zaune a kan dutse na bi ta da kallo, tana tafe a tsohon titin nan, hannu ɗaya a ƙugu, kafaɗar dama ta ɗan karkata, tana jan ƙafar hagu kaɗan. Tafiyar Mama ce sak, yadda take dawowa daga gona. Zafin rana yana sa iska rawa a kan duwatsu, har na daina ganin lulluɓin. Na san Yaya ce, amma na bar kaina na yi ta kallo har ta sha kwana.

Ta dawo, ta dubi fuskata. Ta goge wa tsohuwar goshi, ta zauna kusa da ni, ta tuɓe takalmanta. Daga inda muke ba a ganin teku, amma ana jin ƙanshinsa a iska.

“Kin san Mama ta taɓa shiga teku?” in ji ta.

Na ce ba dai Mamarmu ba. Matar da ko rafin bayan gari ba ta yarda mu je ba, tun shekarar da ambaliya ta tafi da yaron maƙwabta. Ni har na girma ruwan da ya wuce idon sawu ban taɓa shiga ba.

Yaya ta ce lokacin da za ta fara tahowa Italiya, Mama ce ta raka ta Legas, su biyu a motar haya. Jirgin sai washegari, don haka wani ɗan garinmu da suka sauka a gidansa ya kai su bakin ruwa. Mama ta tsaya can nesa, ta riƙe jakarta a ƙirji, ta ce ita daga nan ma ta gani. Suka bar ta. Can Yaya ta waiga sai ta ga takalman Mama a kan yashi, ita kuwa ta tattare zani zuwa gwiwa tana cikin ruwa. Igiya ta zo ta ja da baya, igiya ta koma ta bi ta. Ta ɗebo da tafin hannu ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce wannan ai an riga an sa gishiri, daddawa kawai ya rage. Har rana ta faɗi ana roƙonta ta fito. A hanyar komawa ta ja kunnen Yaya kada ta kuskura ta gaya wa yara a gida, don kada su ce an ba su izinin zuwa rafi.

“Shi ya sa nake tura miki,” in ji Yaya. “Ban san yadda zan fara faɗa miki a waya ba.”

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, Yaya ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta kamar yarinya. Ita ba ta yi kuka ba, ta dai yi ta shafa bayana tana rera wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa da yarenmu, wadda rabinta ma ba na ji. Muka daɗe a haka. Mai yankan ciyawa ya tashi ya tayar da injinsa, tsohuwar ta farka ta ce yunwa take ji.

Washegari da sassafe, bayan addu'arsu, Yaya ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da tawul biyu a kafaɗa. Ta miƙo mini wani dogon wando da riga ta ce in sa. Muka bi wata siririyar hanya ta cikin zaitun, ba ta ƙauye ba, muka sauka wani ɗan lungu tsakanin duwatsu biyu inda yashi bai fi tsakar gida ba. Ruwan a kwance yake kamar an shimfiɗa shi, ana ganin tsakuwar ƙasa. Ta ce tsohuwar Sista ce ta koya mata iyo a nan, tana da shekara arba'in da wani abu, lokacin ita tsohuwar tana da sauran ƙafa. Da aka yi ta mutuwa a gidansu shekarar farko, nan take zuwa in ta sami sarari, ta shiga ruwa ta fito ta koma aiki.

Ta cire lulluɓinta ta ninke ta ɗora a kan dutse. Rabona da ganin gashin Yaya tun ina 'yar firamare, lokacin tana yin kitso har kafaɗa. Yanzu gajere ne, fari fat. Na kawar da kai kamar na ga abin da bai kamata ba, ita kuwa ko a jikinta.

Sanyin ruwan ya sa na ja numfashi. Ta riƙe hannuna muna shiga a hankali, gwiwa, cinya, ƙugu. Na ce ya isa haka. Ta ce ba iyo za ta koya mini ba, wannan sai da lokaci, kwanciya kawai zan yi. Ta zagaya bayana, ta sa hannu ɗaya a ƙeyata, ɗaya a tsakiyar bayana.

“Ba ni kanki, Auta. Saki wuyan. Kina riƙe shi kamar za a ƙwace.”

Na ce tsoro nake ji. Ta ce ta sani, in ji tsoron a kwance. Na jingina, ƙafafuna suka ƙi barin ƙasa, sai da ta sa gwiwa ta ɗaga su. Ruwa ya rufe kunnuwana, duk wata ƙara ta ɗauke, sai wani ɗan ƙas-ƙas na tsakuwa can ƙasa da bugun zuciyata. Sama ce kawai a gabana, fara-fara, da tsuntsu ɗaya yana yawo. Ta gefen ido ina ganin tudun zaitun yana ɗagawa yana sauka. Jikina da ya shekara biyu a takure tsakanin kujera da kwamfuta ya yi ta buɗewa, hannuwana suka tafi gefe da kansu. Na tuna barandarmu, na tuna jar ƙasar nan ta cikin waya, suka zo suka wuce kamar gajimare, ban riƙe ko ɗaya ba. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Ina jin har gyangyaɗi na yi.

Da na juya ido sai na hango Yaya can gefe, ta harɗe hannuwa a ƙirji tana kallona. Ashe ta daɗe da sakina. Nan take na ruɗe, na nutse, na sha ruwa, na yi ta fafutuka har ƙafata ta taɓa ƙasa. Da na miƙe, ruwan iyakarsa ƙirjina. Yaya tana dariya har tana riƙe ciki, ni ina tari ina cewa Allah ya isa, ita tana cewa ai Sista ba a yi mata Allah ya isa. Muka sake gwadawa sau da yawa kafin rana ta yi zafi.

A ranar ta sauko da achar daga kabad. Muka shiga madafa mu biyu muka yi gwate, da yakuwa da daddawa da wani ganyen lambunsu mai kama da alayyafo. Muka yi gardama kan lokacin da Mama ke zuba gyaɗa, ita ta ce da wuri, ni na ce sai an kusa saukewa, daga baya muka gane kowa da zamanin da ta sani. Warin daddawa ya bi dogon barandan gidan har Sista 'yar Indiya ta leƙo tana tambaya ko wani abu ne ya mutu. Tsofaffin suka ɗanɗana don kara, suka ture. Tsohuwar nan tawa kaɗai ta cinye nata, ta ce ya yi kama da abin da suke ci lokacin yaƙi, ban san ko yabo ba ne. Ni da Yaya muka ɗauki tukunyar muka fita ƙarƙashin ɓaure muka ƙarasa ta, muna hira har ƙararrawar yamma. A ranar na ji labarin Baba yana saurayi, da yadda aka yi aka sa mini sunana.

Sauran kwanakin kullum da safe muna lungun nan. Ranar da zan tafi tsohuwar ta sa aka tura ta har bakin ƙofa, ta yi mini alamar gicciye a goshi da babban yatsa, ta ce in dawo da 'yata. A tasha Yaya ba ta tsaya jiran jirgi ba, don lokacin maganin wata ya yi. Wannan karon ta rungume ni, da takunkumi da komai, ta shiga motarta ta fizge ta.

Tsohuwar ta rasu kafin Kirsimetin shekarar, cikin barcin rana, in ji Yaya. Mu kuma muka je gida kamar yadda maigidana ya ce, na ga kabarin Mama, ciyawa har ta rufe shi.

A ƙasan benenmu na Danau Kota akwai wurin iyo da aka buɗe bayan dokar ta sassauta. Ran Asabar da safe nakan sauka da 'yata kafin yara su cika shi. Ita tana iyo kamar kifi, a makaranta aka koya musu, ta yi ta ƙoƙarin nuna mini yadda ake wurga hannu tana cewa boleh, Mama, boleh, wato za ki iya. Har yau ban iya ba. Nakan je gefen da ba zurfi in kwanta abina, ina kallon barandun mutane hawa-hawa da shanyarsu, har sai wata tsohuwa 'yar Sin da ke motsa jiki a bakin ruwan ta taɓa ni da yatsan ƙafa, ta ce in matsa za ta shiga.